Littafin Dunƙule: yadda launin 'yar mesata ke sauyawa

21 ga Agusta, 2022

Jiya da la'asar ina tsaye wajen masu doya a kasuwar Daura sai ihu ya tashi daga bayan wata babbar mota da ake saukewa. 'Yan dako sun watse, ɗaya ya rarumo katako. Na leƙa, sai na ga wani ɗan curi a tsakanin doya, bai kai dunƙulen hannuna ba, baƙi da ruwan ɗorawa, ba kai ba wutsiya. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da ilimin halittu a sakandare, a hoto kaɗai na san wannan dabba, amma dunƙulewar ta isa shaida. Kububuwa in ta ji tsoro sai ta riƙa goga jikinta tana ƙara, kasa ta yi huci, gamsheƙa ta fasa kai. Wadda ke cusa kanta a tsakiyar jikinta ta zama ƙwallo ita ce ƙaramar mesa, Python regius a bakin masana, kuma ba ta da dafi. Na ce wa mai katakon ya dakata, na ba shi na goro, na juye ta a buhun da na zo sayen gero da shi.

Mai doyar ya ce daga wajen Binuwai aka yi lodi. Hakan ya yi daidai, domin irinsu a can ƙasar ciyawa suke, cikin ramukan ɓeraye da tsofaffin suri, kuma ƙwansu yana ƙyanƙyashewa ne a farkon damina. Ke nan ba ta wuce wata biyu ko uku a duniya ba.

A gida ne aka yi ta. Inna ba ta ambaton sunan maciji bayan magariba, sai ta ce, "Kai ɗan nan, igiyar ƙasa ka kawo mana cikin gida? A garin nan da aka sha fama da na rijiya?" Na ce, "Inna, wannan ko kaza ba za ta iya haɗiyewa ba." Ta ce na Kusugu ma ai da ƙaraminsa ya fara. Maiɗakina ba ta ce uffan ba, ta dai kwashe yara ta rufe ƙofa. An yi sulhu a kan cewa za ta zauna a ɗakin zaure inda nake ajiye littattafai, da kwaɗo a ƙofar, makulli a aljihuna. Autata ce ta raɗa mata Dunƙule.

Nauyi giram 88 a sikelin kicin. Tsawo wajen santimita 38, da zare na bi bayanta sannan na ɗora a tef ɗin tela.

4 ga Satumba, 2022

Abin da ya sa na buɗe wannan littafi shi ne launinta. Na karanta cewa masu kiwon irin wannan mesa a Turai da Amurka suna kukan cewa sukan sayi jaririya mai haske kamar an wanke, bayan 'yan shekaru ta koma ruwan ƙasa. Ina so in gani da idona, in kuma san a wane wata abin ke faruwa. Don haka kowane farkon wata zan ɗora ta a farin faranti, a inuwar zaure, da ƙarfe tara na safe, in ɗauki hoto da wayata. A gefen farantin zan riƙa ajiye murfin jarka mai ruwan ɗorawa da guntun gawayi, su zama ma'auni.

Bari in rubuta yadda take yau, tun kafin in manta. Ƙasan zanen baƙi ne wuluk, irin baƙin tawadar allo da aka dafa da ƙaro, har yana sheƙi. A kan baƙin akwai manyan ɗigo-ɗigo a kowane gefe, siffarsu kamar gyaɗa mai ƙwaya biyu, wasu da baƙin ɗigo ɗaya ko biyu a ciki kamar idanu. Launinsu ya fi kusa da garin ɗorawa sabon daka, yana ɗan yin duhu zuwa ruwan zuma a tsakiya. Kowannensu yana da siririn farin layi a gefen da ya kusanci ciki, sai ka ce wani ya bi da alli. Cikin fari ne kamar kindirmo. Saman kai baƙi, da layin rawaya da ya taso daga hanci ya ratsa ido a kowane ɓangare. Na ƙirga ɗigon gefen hagu daga wuya zuwa wutsiya, 23. Na huɗu daga wuya ya fita daban: lanƙwasa ce da ɗigo ɗaya a samanta, harafin nun sak. Shi zan riƙa dubawa.

Ta ci ɗan ɓera na farko daren jiya, bayan sati biyu tana ƙi. Ba na ba ta ɓeran gida, saboda ba gidan da ba a zuba shinkafar ɓera a unguwarmu, kuma wanda ya ci guba in ta haɗiye shi ita ma ta tafi. Na samo fararen ɓeraye mace biyu da namiji ɗaya wajen wani abokin karatuna da ke aikin ɗakin gwaje-gwaje, ina kiwonsu da dusa a tsohon kejin zomo. Inna ta ce yanzu kuma ɓera ake ciyarwa a gidan, Allah Ya shirya.

20 ga Satumba, 2022

Na tsorata a makon nan. Ranar 9 ga wata na buɗe akwatin na tarar rawayar ta dusashe kamar an barbaɗa mata toka, cikin ya yi ɗan ja-ja. Bayan kwana biyu idanun suka koma shuɗi-shuɗi kamar na tsohon da yana ta rufe masa ido. Ni da nake koya wa yara cewa maciji yana saɓa, sai ga ni ina tunanin ciwo ne. Sai da na natsu na tuna: wani ruwa ne ke shiga tsakanin tsohuwar fata da sabuwa don ya raba su, kuma da yake maciji ba shi da fatar ido, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe idon, shi ma sai an saɓe shi. Ranar 15 idon ya washe, launin ya ɗan dawo, har na zaci ta saɓe ta cinye abin. Jiya da asuba sai ga saɓar a nannaɗe jikin kaskon ruwa, ɗaya cur, a juye ciki a waje kamar safa.

Ita kuwa ta fito kamar sabuwar atamfa. Ban taɓa ganin rawayar da ƙarfi haka ba. Darasin farko ke nan ga aikin nawa: hoton farkon wata ba shi da amfani in ya faɗo lokacin da take shirin saɓa. Daga yau hoto sai washegarin saɓa, ko da wane kwanan wata ne.

Saɓar na miƙe ta a tsakiyar wata tsohuwar rajistar aji, na rubuta kwanan wata a gefe. Ba don wani dalili ba, na dai ji ba zan iya yar da ita ba.

30 ga Oktoba, 2022

Saɓa ta biyu, kimanin kwana 40 bayan ta farko. Giram 150. Launi yana nan.

29 ga Disamba, 2022

Hunturu ya nuna mini iyakata. Wannan dabba tana son laimar iska wajen kashi 60 cikin 100, ga shi a Daura yanzu leɓen mutum ma tsagewa yake. Saɓar wannan karo ta fito guntu-guntu kamar ɓawon albasa, rabi ya maƙale a bayanta, ɓawon idon dama bai fita ba. Ta yi fari-fari, ta yamutse, duk wanda ya gan ta zai ce tsufa ya zo mata a wata shida. Da na rubuta cewa launin ya fara sauyawa, sai na goge, domin abin da nake gani matacciyar fata ce da ƙurar hunturu.

Maiɗakina ce ta kawo maganin, ita da ta rantse ba za ta taka ɗakin ba. Daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, me zai hana ka kifa mata tukunyar ƙasa ka riƙa jiƙawa? Ai haka randa ke riƙe sanyi." Na sayo ƙaramar tukunya, na fasa mata ƙofa a gefe, na shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ciki. Kwana biyu tana ciki, da ta fito na sa ta ta ratsa cikin tawul mai ɗumi da laima, ragowar fatar ta bi tawul ɗin. Ɓawon idon ban taɓa shi da farce ba, masu kiwo sun yi gargaɗi sosai a kan haka, ya jira saɓa ta gaba.

Sanyin dare kuma wata matsala ce. Ana so gefe ɗaya na akwatin ya kai maki 31 ko 32, ɗayan ya tsaya wajen 26, ta zaɓi inda take so, tunda jikinta ba ya samar da ɗumin kansa. Da asuba ma'aunin ɗakin yana sauka ƙasa da 18. Ina cika gorar roba da ruwan zafi, in naɗe ta da tsohon rawani, in jingina a wajen akwatin.

12 ga Maris, 2023

Na ɗauki hotunanta zuwa aji, ba ita ba, don kada iyaye su zo makaranta da sanduna. Wata ɗaliba ta tambayi abin da ni ma na daɗe ina juyawa: daga ina launin yake fitowa, kuma me zai sa ya canza?

Ga abin da na gaya musu. A fatar maciji akwai ƙwayoyin halitta iri uku da ke aikin rini. Na farko suna yin melanin, sinadarin da ya sa fatarmu da gashinmu baƙi, su ke ba da baƙi da ruwan ƙasa. Na biyu suna ɗauke da rawaya da ja. Na uku ba su da rini ko kaɗan, wasu 'yan ƙananan duwatsu ne a jere cikinsu masu mayar da haske, kamar yadda bayan faifan CD ke yi. Launin da ido ke gani haɗin ukun ne, wani a kan wani. In melanin ya ƙaru a saman rawaya, rawayar tana nan a ƙasa amma sai a gan ta ruwan ƙasa, kamar ka zuba shayi a farin kofi mai zanen fure.

Na ba su labarin 'yar uwarta ta tsibirin Niyu Gini da arewacin Ostareliya, koriyar mesar bishiya. Ita ana ƙyanƙyashe ta rawaya shar ko ja kamar bulo, sannan wajen shekara guda ta rikiɗe ta koma koriya kamar ganye. Tana ƙarama a bakin daji take zama, ƙasa-ƙasa, inda rana ke ratsowa. In ta girma sai ta hau can ƙololuwar bishiyoyi, inda kore ne ke ɓoye ta. Yara suka ce to Dunƙule yaushe za ta zama koriya. Na ce tamu ba ta da wannan rawar kai, nata sauyin a hankali ne, kuma har yau ban kama shi ba.

Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce kakansa ya ce mesa in ta tsufa ƙaho take fitarwa. Na ce ya gaishe da kaka.

9 ga Mayu, 2023

Zafi ya haura 40 da rana. Yanzu neman sanyi ake, ba ɗumi ba. Na sauke akwatin ƙasa kusa da randa, tana yini cikin tukunyarta. Giram 340.

27 ga Agusta, 2023

Shekara guda da sati ɗaya. Ta saɓe shekaranjiya, saɓa ta takwas a hannuna. Giram 480, santimita 71.

Na zauna da daddare na jera hotuna takwas a kwamfutar makaranta da na aro, ina sa ran in ga launi yana gangarowa daki-daki. Abin da na gani ya ba ni haushi. A hoton Janairu ta fi duhu, a na Afrilu ta fi na ranar farko haske, a na Yuli ta yi kore-kore. Sai na dubi murfin jarkar da ke gefe, na ga shi ma yana canza launi daga hoto zuwa hoto, alhali murfi ɗaya ne. Wayar ce ke gyara haske da kanta. Ranar da hazo ya rufe gari sai ta ƙara ja, ranar hadari ta ƙara shuɗi. Kusan shekara guda ina auna halin wayata, ba na mesa ba.

Murfin ne ya cece ni. Da na daidaita kowane hoto har murfin ya zama launi ɗaya a dukkansu, sai wani abu ya fito, ɗan kaɗan. Tsakiyar ɗigon da ke kan gadon baya ya tashi daga ruwan ɗorawa ya nufi ruwan zuma, kuma duhun yana farawa ne daga sama, daga ƙashin baya, yana sauka. Gefen da ke kusa da ciki yana nan da haskensa. Baƙin kuma ya rage ƙarfi: a rana yanzu ana ganin ɗan ja a cikinsa, kamar makubar da aka shafe katanga da ita.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nawa idon dai bai sani ba. Kullum ina ganinta safe da yamma, da an tambaye ni jiya da na rantse ba abin da ya canza.

Nun yana nan, ya yi girma kawai. Ɗigo 23.

18 ga Janairu, 2024

Rabonta da abinci tun 6 ga Nuwamba. In na miƙa mata ɓera sai ta zaro harshe sau biyu ta juya kai. Bara ma ta yi haka amma na sati biyar kawai. An san irinsu da wannan yajin cin abinci a lokacin sanyi da rani, wasu sukan yi watanni, kuma abin dubawa shi ne nauyi. Daga giram 610 ta sauko 585, ba abin tashin hankali ba ne. Inna, wadda yanzu takan tambaya ko "igiyar" ta ci, ta ce wataƙila ramuwar azumi take.

Laifina na wannan wata: wani dare sanyi ya yi tsanani, na sa gorar ruwan zafin a cikin akwatin maimakon waje. Da safe na tarar ta naɗe gorar, kuma wajen tsawon ɗan yatsa a cikinta ya yi ja. Maciji ba ya saurin janye jiki daga abin da ke ƙona shi. Na kai hotonta wajen wani likitan dabbobi a Katsina, ya yi dariya ya ce shanu da awaki ya saba gani, amma ya ba ni maganin shafawa na ƙuna ya ce in cire ƙasar akwatin in shimfiɗa takarda mai tsabta. Na rubuta wannan a nan domin jan ciki iri uku ne kuma suna kama da juna: na shirin saɓa, wanda ke bin cikin gaba ɗaya ya wuce da kansa, na ƙuna, mai tsayawa wuri guda, da na ruɓewar ɓawo in shimfiɗa ta cika jiƙa da ƙazanta, mai zuwa da ɗigon ruwan ƙasa.

14 ga Afrilu, 2024

Ta karya yajin ranar 2 ga Maris, kusan wata huɗu. Wurin ƙunar ya warke bayan saɓa biyu, ya bar tabo, ɓawo biyar sun fito a karkace kuma sun fi sauran fari.

Cikin hidimar Sallah wani tsohon garde da ke wasa da macizai a bakin kasuwa ya ji labarina ya biyo ni gida. Ya tsuguna ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Malam, wannan ai ba mesa ba ce, 'yar wasan yara ce." A wajensa mesa ita ce babbar, Python sebae, mai kai mita huɗu ko fiye, mai haɗiye ɗan akuya, mai zafin rai. Tamu in ta kai mita ɗaya da rabi ta yi ƙoƙari. Amma ya faɗi abin da na rubuta nan take. Ya ce su ma manyan, 'ya'yansu sun fi iyayen kyan zane, tsohuwar mesa kuwa sai ta yi duhu har zanen ya nemi ɓacewa in ba a rana ba, kuma masu sayen fata sun san haka. Mutumin bai taɓa jin kalmar melanin ba, shekara arba'in kawai ya yi yana kallo.

Ya nemi in sayar masa, na ƙi. Ya ce to in ba shi saɓa ɗaya, ana haɗa magani da ita. Nan ma na ba shi haƙuri.

Maganarsa ta sa na koma karatu a kan cinikin irin su Dunƙule. Daga Gana da Togo da Jamhuriyar Benin ake fitar da dubbansu kowace shekara zuwa Amurka da Turai, ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji. A can masu kiwo sun tsinto waɗanda aka haifa da wani bambanci a launi, suka yi ta haɗa su aure har aka sami iri-iri. Akwai zabiya, fara da rawaya da jan ido, wadda ba ta yin melanin sam. Akwai wadda ba ta da rawaya, baƙi da toka kawai, amma ita ma da shekaru sai ruwan ƙasa ya shigo mata. Akwai wadda suke kira ayaba, ana haihuwarta rawaya da ruwan hoda, tana girma baƙaƙen ɗigo suna fito mata kamar ayabar da ta nuna ta wuce. Kuɗi masu yawa ake zubawa a kan launin da ba zai zauna ba. A garin Wida na Benin kuwa ɗaki guda aka gina musu ana girmama su, a ƙasar Ibo ma akwai garuruwan da ba a kashe su. Mu a nan katako ne gaisuwarsu ta farko, ko da yake ban ga laifin 'yan dako ba: wanda ya san abin da kububuwa ke yi wa manoma, har aka yi asibiti musamman don saran maciji a Kaltungo, ba zai tsaya tambayar maciji sunansa ba.

1 ga Satumba, 2024

Shekara biyu. Giram 930, santimita 96. Saɓa yanzu sai bayan wata biyu ko fiye, tunda girman ya rage sauri.

Wayata ta faɗa bokitin wanki a watan Yuni. Hotunan suna nan a kwamfuta, amma sabuwar wayar rininta daban, kuma murfin jarkar da kansa ya koɗe saboda na bar shi a taga. Ma'aunin ya tsufa tare da abin da ake aunawa. Na yi kwana biyu ina jin aikin ya rushe.

3 ga Nuwamba, 2024

Kusan kwana goma Arewa ba wuta a ƙarshen Oktoba. Ɓerayen da na yanka na ajiye a firjin maƙwabci duk sun lalace. Amma duhun ya ba ni abu biyu.

Na farko, wani dare na haska ta da tocila daga gefe, kwana ɗaya bayan saɓa, sai na ga wani sheƙi mai launin bakan gizo yana gudu a kan baƙin, shuɗi da kore da shunayya, kamar man fetur a kan ruwa. Da rana ban taɓa lura ba. Na kira yara, har Inna ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Ikon Allah," sannan ta tuna da kanta ta koma.

Na biyu ya fi muhimmanci. Ba abin yi da dare, sai na ɗauko tsohuwar rajistar ina buɗewa, na zaro saɓa ta farko da ta goma sha huɗu na ɗora su a kan gilashin fitilar caji. Saɓa ba ta ɗaukar rawaya, domin rawayar tana can cikin fata ta ƙasa. Abin da ke biyo ta melanin ne kawai, shi ya sa ake ganin zanen a jikinta dishi-dishi da ruwan ƙasa. A saɓar Satumban 2022, gurbin kowane ɗigo garai yake kamar leda, haske na wucewa. A ta bana, gurbin ya yi hayaƙi-hayaƙi, musamman ta sama wajen gadon baya, daidai inda hotuna suka nuna mini bara. Na jera duka goma sha huɗun a kan farin zanen gado da safe, ga shi nan yana hawa a hankali, ba tsalle, sai dai na ga kamar ya fi sauri tsakanin ta shida da ta goma.

Dole in ja wa kaina birki a nan: fatar babba ta fi ta jaririya kauri, kuma kauri kaɗai zai iya sa ta fi duhu. Don haka na gwada gurbin ɗigo da ɓawon ciki a cikin saɓa ɗaya. Ɓawon ciki garai yake a duka, tsohuwa da sabuwa. Ɗigon ne kawai ya yi hayaƙi. Abin da na ajiye don kawai na kasa zubarwa ya fi hotunan da na sha wahala a kansu.

Kada mai karatu ya auna tsawon maciji da saɓarsa, tana miƙewa. Ta ƙarshe ta fi Dunƙule da kusan tafin hannu.

17 ga Yuli, 2025

Garin ya cika ya batse tun ranar Talata da aka yi jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari. Ƙanena da ke aiki a Legas ya zo, ya sauka a wajenmu. Rabonsa da gida tun Satumban 2022, lokacin Dunƙule tana cika tafin hannu, kuma shi ne ya riƙe mini farantin a hoton farko.

Jiya na buɗe masa ɗakin. Ya duba ya ce, "Yaya, waccan ta mutu ne ka samo wata?" Na ce ita ce. Ya ce a'a, waccan rawaya ce kamar kwai da kwai, wannan kuwa kalar ƙuli-ƙuli ce. Muka yi ta musu har na ɗauko ta na nuna masa nun a wuyanta, na buɗe hoton farko a wayarsa, wanda na tura masa tun a lokacin. Ya ƙirga ɗigon da kansa, yana taɓa kowanne da tsinken tsintsiya don har yanzu ba ya yarda ya sa hannu. Ya samu 23. Ya ce to zanen nata ne, amma wani ya sake rina ta.

Na ji daɗin kalmar ƙuli-ƙuli, domin na yi wata da watanni ina neman sunan launin na rasa. Ni har yau in na rufe ido rawaya nake ganinta.

24 ga Agusta, 2025

Shekara uku. Giram 1,310, santimita 112. Daga kaurin jiki da gajartar wutsiya da ƙananan ƙayoyin da ke gefen duburarta ina kyautata zaton mace ce, kamar yadda muka yi ta kiranta tun farko.

Yadda take yau, washegarin saɓa ta goma sha takwas: baƙin ya koma ruwan makuba mai duhu, sai a tsakiyar wasu wurare a gefe ya ɗan buɗe ya yi ja-ja. Ɗigon gadon baya ƙuli-ƙuli. Na gefe ruwan zuma a sama, suna sauka zuwa rawaya mai laushi. Farin layin alli yana nan amma ya yi kamar madarar da aka ɗiga wa shayi. Layin ido shi ne bai ba da kai ba, rawayarsa kusan kamar ta ranar farko. Saman kai ya ɗan yi haske a tsakiya. Tabon ƙuna yana nan fari.

Tsakanin saɓa ta goma sha biyar da ta yau bambancin kaɗan ne ƙwarai, ina jin abin ya fara lafawa. Irinsu sukan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo, akwai ma wadda ta haura 60 a gidan namun daji na Sen Luwis a Amurka, ta kuma yi ƙwai a 2020. Rajistar saura shafi tara. Na sayo sabuwa mai ganye 200, na kuma yanko ƙyallaye huɗu wajen tela, rawaya da ruwan zuma da ruwan ƙasa da baƙi, na sa su a ambulan cikin akwatin ƙarfe inda rana ba za ta gan su ba. Autata, wadda yanzu take aji huɗu, ta karɓi aikin rubuta kwanan wata a gefen kowace saɓa, da sharaɗin ni zan riƙa miƙe ta.